Mashigin Yuma: yadda Anza ya buɗe hanyar Kalifoniya da yadda ta rufe cikin shekara bakwai

## Asalin matsalar, 1769 zuwa 1773

Wannan labarin Juan Bautista de Anza ne, sojan Sifaniya da ya buɗe hanyar ƙasa zuwa Kalifoniya ta mashigin kogi na Yuma. A 1769 ne Sifaniya ta fara ajiye mutanenta a gaɓar tekun da yau take jihar Kalifoniya ta Amurka. Tun 1542, lokacin da jiragen Cabrillo suka bi gaɓar, take cewa ƙasar tata ce, amma ta yi sama da shekara 200 ba ta kafa ko bukka a can ba. Abin da ya tashe ta tsaye shi ne labarin Rashawa masu farautar fatu da ke gangarowa daga wajen Alaska, ga kuma jiragen Ingila da suka fara yawa a tekun Fasifik. Sai José de Gálvez, babban wakilin bincike na sarki a Meziko, ya shirya tafiya ta ruwa da ta ƙasa. Gaspar de Portolá ya jagoranci soja, Fada Junípero Serra ya jagoranci limaman Katolika. Aka kafa San Diego a Yulin 1769, Monterey kuma a Yunin 1770.

Ciyar da mutanen shi ya zama jan aiki. Masara, wake, gari, ƙarfe, tufafi, albarushi, duk daga tashar San Blas suke tasowa, can kudu a gaɓar Meziko. A wannan gaɓa iska da igiyar ruwa kudu suke nufa kusan duk shekara, jiragen zamanin kuwa da iska suke tafiya, don haka mai zuwa arewa sai ya yi wata da watanni yana kai-komo cikin teku. A tafiyar farko jirgin San Carlos ya yi kwana 110 daga La Paz zuwa San Diego. Ya iso da matuƙansa a kwance, ciwon nan da rashin ɗanyen ganye da 'ya'yan itatuwa ke kawowa ya kumbura musu dasashi, da yawansu suka mutu. Wani jirgin, San José, ya fita da kayan abinci, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. A Maris 1770 Portolá har ya sa ranar da za a tattara a bar San Diego. Ana gobe ranar aka hango jirgin San Antonio.

Akwai hanyar ƙasa ta zirin Baja California, sai dai ita ma ƙasa ce ta duwatsu da ƙarancin ruwa, an kuma riga an kwashe mata dabbobi a tafiyar 1769. A 1772 yunwa ta sa kwamandan Monterey, Pedro Fages, ya kwashi sojoji suka shiga farautar beyar, wata ƙatuwar dabbar dawa, ana ɗauko naman a kan alfadarai. A 1773 San Carlos ya lalace a hanya ya juya, ba abin da ya iso. Mutanen Monterey suka yi wata takwas kusan ba su da abinci sai madarar 'yan shanunsu.

Akwai matsala ta biyu, wadda ta fi yunwar muni ga 'yan ƙasa. Sojojin ba su kai 100 ba, a warwatse a bariki biyu da mishan biyar, wato zangunan limamai na kiristantar da 'yan ƙasa, kuma ba wanda ya zo da iyali. Suka riƙa afka wa matan ƙauyuka. A 1772 Fada Luis Jayme na San Diego ya rubuta ƙara yana zayyana fyaɗen da sojoji ke yi wa matan Kumeyaay, ƙabilar yankin, yana cewa abin zai rusa aikin mishan gaba ɗaya.

Abin da ake bukata ke nan: hanya ta ƙasa daga Sonora, lardin arewa maso yammacin Meziko, wadda garken shanu da mata da yara za su iya bi. Tsakanin Sonora da teku kuwa akwai hamada biyu, kogin Colorado a tsakiyarsu, sannan duwatsu.

## Wanda ya nemi aikin

An haifi Juan Bautista de Anza a 1736 a yankin Fronteras, arewacin Sonora, bakin iyakar da Sifaniyawa ke fafatawa da ƙabilar Apache. Mahaifinsa, wanda sunansu ɗaya, ɗan ƙabilar Basque ne da ya zo daga Sifaniya ya zama kyaftin na barikin Fronteras. Shi ma ya taɓa neman izinin bincika hanyar arewa a 1737. Apache suka kashe shi a 1740, yaron bai cika shekara huɗu ba. Ɗan ya shiga soja yana saurayi, a 1760 aka ba shi barikin Tubac, kudu da birnin Tucson na jihar Arizona ta yau.

Ba da ka ya yi shawarar ba. Tun farkon ƙarnin Fada Eusebio Kino ya kai bakin Colorado ya nuna cewa Kalifoniya a haɗe take da babbar ƙasa. A 1771 Fada Francisco Garcés na mishan ɗin San Xavier del Bac, mutum mai yawo shi kaɗai cikin ƙabilu yana cin abin da suke ci, ya ƙetare kogin ya hango giɓi a duwatsun yamma. Anza kansa ya ji daga bakin mutanen Pima cewa mazauna bakin kogin suna ba da labarin fararen fata da suka bayyana a gaɓar teku. Labari ba ya tafiya inda ƙafa ba ta bi, ashe akwai hanya. A Mayun 1772 ya rubuta wa Antonio María de Bucareli, wakilin sarki a birnin Meziko, yana neman izinin gwadawa da sojojin barikinsa. Takardar ta yi ta zagaya ofisoshi har Serra ya zo birnin a 1773 da koke-kokensa ya goyi bayanta. A Satumban 1773 aka amince.

## Tafiyar gwaji, Janairu zuwa Mayu 1774

Tun kafin a tashi aka yi asara. Apache suka kai hari Tubac suka kore dawaki kusan 130 da aka tanada. Wannan ya tilasta wa Anza ya zagaya ta kudu, ta kwarin Altar da Caborca, ko zai sami madadinsu, bai kuwa sami na kirki ba. Ya bar Tubac ranar 8 ga Janairu 1774 da mutum 34, shanun yanka 65, dawaki kimanin 140, da alfadaran kaya. Fada Garcés da Fada Juan Díaz suna ciki.

Akwai kuma Sebastián Tarabal, ɗan ƙabilar Cochimí daga Baja California. An kai shi aiki mishan ɗin San Gabriel, kusa da inda Los Angeles take yanzu, ya gudu a 1773 tare da matarsa da wani ɗan'uwansa, suka nufi gabas cikin hamada. Su biyun suka mutu a hanya, shi ya kai kogi da rai. Wato mutumin da ya riga ya bi hanyar da daular Sifaniya ke nema, gudun daular ne ya sa ya bi ta.

Ranar 7 ga Fabrairu suka isa mahaɗar kogin Gila da Colorado, ƙasar mutanen Quechan, waɗanda Sifaniyawa ke kira Yuma. Manoman fadama ne: kogi ya cika ya janye, su shuka masara, wake, kabewa, kankana da alkama a laka. Gwanayen iyo ne, kuma mayaƙa. Shugabansu, wanda Sifaniyawa suka sa wa suna Salvador Palma, shi ne ya kai Tarabal har Altar. Anza ya rataya masa lamba mai hoton sarki a jan ƙyalle, ya raba taba da duwatsun ado. Quechan suka nuna mashigi, suka ɗauki kaya a ka, suka ƙetarar da ayarin.

Daga nan ne aka yi kuskuren da ya kusa kashe tafiyar. Yamma da kogin akwai tuddan rairayi masu tafiya da iska. Anza ya yi ƙoƙarin ratsawa, Tarabal bai gane wurin ba, rijiyoyin da aka samu ruwansu kaɗan ne mai gishiri, dabbobi suka fara faɗuwa. Bayan kusan mako guda suna bulayi ya juyo da ayarin zuwa wani tafki da suka sa wa suna Santa Olaya. Ya bar yawancin kaya, da raunanan dabbobi, da 'yan mutane kaɗan a hannun Palma. Ranar 2 ga Maris ya sake tashi da mafi ƙarfin dawaki da guzuri mara nauyi, ya zagaye rairayin ta kudu. Suka sami rijiyoyin Santa Rosa, sannan wata fadama inda Tarabal ya gane sawunsa. Anza ya sa mata suna San Sebastián saboda shi. Daga can suka haura ta kwazazzabon Coyote, suka sauka ƙasa mai ciyawa da ruwa. Ranar 22 ga Maris suka ƙwanƙwasa ƙofar San Gabriel.

An buga ƙararrawa, an yi murna, amma ba abincin da za a ba su, don limaman kansu 'yan wainar masara da ganye suke ci. Anza ya wuce Monterey da mutane kaɗan, ya juyo. A hanyar dawowa ya tarar mutanen da ya bari a bakin kogi sun ji jita-jitar an kashe shi sun gudu, Palma kuwa ya riƙe amanar kayan. Kogi ya cika a lokacin, Quechan suka fitar da su a kan kwando da itatuwan da aka ɗaure. Ƙarshen Mayu yana Tubac. Aka ƙara masa girma zuwa laftanar kanar, aka kuma ba shi aiki na biyu: ya kai iyalai su zauna a bakin babban mashigin tekun San Francisco, wanda mutanen Portolá suka hango a Nuwamban 1769.

## Ayarin iyalai, Oktoba 1775 zuwa Maris 1776

Anza ya je neman mutane a Culiacán da sauran garuruwan Sinaloa da Sonora, cikin talakawa waɗanda ba su da abin da za su bari a baya. Ya ba da shawara a biya su da kaya maimakon tsabar kuɗi, don kada caca ta cinye, aka kuwa yi wa kowa sutura daga hula har takalmi, maza da mata da yara. Jininsu gauraye ne: na Sifaniya, na 'yan ƙasa, da na Afirka. Cikinsu akwai María Feliciana Arballo, mai jinin Afirka da na Sifaniya, wadda mijinta ya rasu kafin a tashi, ta ce ita sai ta tafi da 'ya'yanta mata biyu. Jikanta Pío Pico shi ne gwamna na ƙarshe da Meziko ta yi a Kalifoniya.

Apache suka sake kore dawakin Tubac, wannan karon kusan 500. Duk da haka ranar 23 ga Oktoba 1775 ayari ya tashi: mutum 240, kusan rabinsu yara, da dabbobi sama da 1,000. Sojoji 30 ne za su zauna can da iyalansu, ƙarƙashin Laftanar José Joaquín Moraga. Fada Pedro Font ne limamin ayari, yana auna matsayin rana yana rubuta abin da ya faru kowace rana, daga rubutunsa da na Anza aka san yawancin abin da aka sani.

A zangon farko, La Canoa, María Manuela Piñuelas ta haihu cikin dare ta rasu. Aka binne ta a San Xavier del Bac. Ita kaɗai ce ta mutu a duk tafiyar, an kuma haifi jarirai uku daga Tubac zuwa teku.

Wannan karon arewa aka bi, ta kogin Santa Cruz zuwa Gila, sannan aka bi Gila yamma, saboda ruwa da ciyawa. Idan mace ta haihu ko zazzaɓi ya kwantar da mutane, Anza yakan tsayar da ayari kwanaki, ko da ciyawar zangon tana ƙarewa. Ranar 28 ga Nuwamba suka isa wurin Palma. Quechan suka tarye su da wake, masara, alkama da kankana, wadda Anza ya ƙiyasta ta kai 3,000. Aka ba Palma kayan ado na sarauta da wakilin sarki ya aiko. Mashigin bara ya yi zurfi, sai Anza ya hau doki da wasu Quechan suka nemo inda kogin ya rabu gida uku. Ranar 30 ga wata kowa ya ƙetare, mazan Quechan suna tafe a gefen dawaki suna tare yara. Aka bar Garcés da Fada Tomás Eixarch a nan.

Hamadar da ke gaba ita ce ainihin jarrabawar, nan kuma darasin 1774 ya yi amfani. Rijiyar rairayi tana da iyakar abin da take bayarwa a yini. In dabba dubu suka sauka kanta lokaci guda, ta kafe. Anza ya raba mutane kashi uku, tsakanin kowane kashi da na bayansa kwana ɗaya, don ruwa ya sake tsattsafowa. Garken shanu ya bi wata hanyar dabam kai tsaye. Kowa ya ɗauki ruwa, da masara, da damin ciyawa a bayan sirdi. An tura mutane gaba su yashe rijiyoyin Santa Rosa, Anza da kansa ya shiga aikin, aka kwana ana shayar da dabbobi da kwanduna.

Abin da ba a shirya masa ba shi ne sanyi. Dusar ƙanƙara ta sauka a hamadar, a kan mutanen da suka taso a ƙasar zafi ba su taɓa ganinta ba. Dawaki da shanu da dama suka mutu. Kashin Moraga ya fi shan wuya, shi kansa sanyin ya taɓa masa kunne. Ranar 17 ga Disamba aka haɗu a San Sebastián ba a rasa rai ko ɗaya ba. Daren nan aka yi rawa, Feliciana Arballo ta yi waƙa, Fada Font ya fusata ya rubuta fushinsa. Daren Kirsimeti wata mata ta haihu a kwazazzabon Coyote. Ranar 4 ga Janairu 1776 ayari ya shiga San Gabriel.

Mummunan labari suka tarar. Ranar 5 ga Nuwamba mutanen Kumeyaay sun ƙone mishan ɗin San Diego, sun kashe Fada Jayme, shi wanda ya rubuta ƙarar nan. Anza ya ɗauki wasu sojojinsa ya raka kwamandan Kalifoniya, Fernando de Rivera y Moncada, zuwa can, aka yi asarar wata guda. Sai 10 ga Maris ayarin ya kai Monterey.

## Kafa garin

Rivera bai so a kafa San Francisco a lokacin ba. A ganinsa sojojin da ke akwai ba su isa tsare abin da aka riga aka kafa ba. Shi da Anza suka yi ta musayar takardu masu zafi, har suka haɗu a hanya suka wuce juna da gaisuwa kawai. Anza ya je da Font da Moraga da 'yan sojoji ya duba wurin. Ranar 28 ga Maris ya kafa gicciye a kan wani farin dutse da ke kallon bakin mashigin, inda gadar Golden Gate ta sauka a yau, ya zaɓi wurin bariki; washegari ya zaɓi wurin mishan a bakin wani rafi da suka kira Dolores. A tsakiyar Afrilu ya yi sallama da mutanen a Monterey, suna kuka, ya koma Sonora. Bai sake ganin Kalifoniya ba.

Moraga ne ya kai iyalan, ƙarshen Yuni. Jirgin San Carlos da aka ɗora wa kayansu daga Monterey, tafiyar da mai doki ke yi cikin 'yan kwanaki, iska ta yi ta wasa da shi sai 18 ga Agusta ya iso. Aka buɗe bariki ranar 17 ga Satumba, mishan a Oktoba. A Nuwamban 1777 wasu daga cikin iyalan suka kafa San José, garin farar hula na farko a yankin, don su noma abin da barikoki za su ci.

## Alkawari da jinkiri, 1777 zuwa 1780

Palma ya bi Anza har birnin Meziko. An karɓe shi a fada, an yi masa baftisma a babbar majami'ar birnin a Fabrairun 1777, ya roƙi a kafa mishan a ƙasarsa. Ya koma gida da labarin abin da ya gani da alkawarin abin da ke tafe. Shirin da ke kan tebur a lokacin shi ne a ɗauko cikakkun barikoki biyu daga Sonora a dasa su a yankin kogunan, Anza kuma ya nuna cewa mishan ba tare da isasshen soja ba haɗari ne.

Sai mulki ya sauya hannu. Aka cire lardunan arewa daga ƙarƙashin wakilin sarki aka ba Teodoro de Croix, wanda hankalinsa ke kan yaƙin Apache. Aka naɗa Anza gwamnan New Mexico, ya kama aiki a 1778, nesa da kogin. Bucareli ya rasu a 1779, a shekarar kuma Sifaniya ta shiga yaƙi da Ingila, kuɗi suka yi wuya. Palma ya yi ta aike yana tuni. Mutanensa suna tambayarsa ina kayan da ya ce za a kawo.

A 1779 Garcés da Díaz suka iso da sojoji goma sha biyu da ɗan abin kyauta da bai taka kara ya karya ba. A 1780 Croix ya fito da tsari mai araha: ƙauyuka biyu, Purísima Concepción da San Pedro y San Pablo de Bicuñer, kowanne ya zama mishan da bariki da garin manoma a haɗe, da sojoji kaɗan. Baƙin suka iso ƙarshen shekarar. Suka zauna a kan fadamar da ta fi kyau. Dabbobinsu suka shiga gonaki. Guzurinsu ya ƙare suka koma neman abinci wurin masu ƙasa. Kwamandansu, Santiago de Islas, ya kawo hukuncin bulala, har an taɓa kama Ignacio, ɗan'uwan Palma, aka tsare.

## Yuli 1781

A Yunin 1781 Rivera ya iso mashigin Yuma da sojoji da iyalai masu zuwa Kalifoniya, da dabbobi kusan 1,000. Bai zo da kyautar da aka saba ba. Ya tura iyalan gaba, shi ya tsaya da 'yan sojoji don dabbobin su yi ƙiba. Suka cinye gonaki, suka cinye 'ya'yan itacen mesquite, dangin ƙirya, waɗanda Quechan ke daka garinsu su ci kafin amfanin gona ya nuna. Wanda ya taɓa ganin manomi tsaye a bakin gonarsa da safe bayan shanu sun kwana a ciki ya san abin da ke zuciyar mutanen nan.

Ranar 17 ga Yuli da safe suka faɗa wa ƙauyukan biyu lokaci guda, da kulake. Washegari suka ƙetare kogi suka gama da Rivera da mutanensa. Cikin kwana uku an kashe Sifaniyawa sama da 100, har da limamai huɗu: Díaz, Matías Moreno, Juan Barreneche, da Garcés, wanda ya shekara goma yana shiga gidajensu. Aka kama sama da 70, yawanci mata da yara. Palma yana tare da mutanensa.

## Abin da ya biyo baya

Pedro Fages ya zo da runduna kafin ƙarshen shekarar ya fanshi kamammun da barguna, yadi, duwatsun ado da taba. Hare-haren ramuwa na 1781 da 1782 sun kashe mutane amma ba su kama Palma ba, ba su kuma karɓe mashigin ba. Hukuma ta haƙura da hanyar. Croix ya ɗora laifin a kan Anza da Garcés, wai sun zuzuta ikon Palma da kyan ƙasar. Sai a shekarun 1820, bayan Meziko ta sami 'yancin kai, aka sake ƙoƙarin bin hanyar a hukumance.

Kalifoniya ba ta mutu da rufewar ba. Iyalai sun riga sun shiga, shanu da dawaki sun riga sun shiga. An kafa Los Angeles a Satumban 1781 da mutum 44 da suka biyo ta Baja California. Gonaki suka fara ciyar da barikoki, garkuna suka yi ta haihuwa har suka kai dubban ɗaruruwa a shekarun 1830. Sai dai baƙi sun daina zuwa da yawa: a 1821 waɗanda ba 'yan asalin ƙasar ba kaɗan suka haura 3,000.

A New Mexico Anza ya fuskanci ƙabilar Comanche. A Satumban 1779 ya bi ta bayan duwatsu ya kashe jagoran yaƙinsu, Cuerno Verde. A 1786 ya ƙulla sulhu da shugabansu Ecueracapa, bisa kasuwa a buɗe da kyauta a kai a kai, sulhun kuma ya daɗe shekaru da dama bayan shi. Ya rasu a Arizpe, Sonora, ranar 19 ga Disamba 1788. A 1990 majalisar dokokin Amurka ta mai da hanyarsa hanyar tarihi ta ƙasa, tsawon kimanin kilomita 1,900.

## Hukunci

Ta fuskar tafiya, Anza ya warware matsalar cikin gwaji biyu, kuma ya cancanci yabo a kai. Ya gwada da mutum 34 kafin ya ɗauki 240. Da rairayi ya ƙi shi, ya juya ya rage kaya maimakon ya yi taurin kai. Ya zaɓi lokacin sanyi, sa'ad da kogi ke ƙasa hamada kuma ba ta ƙuna. Ya auna ayarinsa da ƙarfin rijiya. Madugun da ya ratsa wannan ƙasa da mata masu ciki da jarirai ya rasa rai ɗaya tak, ya san aikinsa, yana kuma ganin girman ran talakan da ke bayansa.

Amma duk dabarun nan a kan abu ɗaya suka tsaya. Kowane ayari yakan iso kogin a gajiye, da yunwa, da ramammun dabbobi, yana bukatar mai nuna mashigi, mai iyo, mai wake da kabewa, da makiyaya ta kwana da kwanaki kafin hamada ta biyu. Duk waɗannan na Quechan ne. Sun bayar a 1774, sun bayar a 1775 da 1776, saboda suna ganin riba: ƙarfe, tufafi, da abokin da zai ƙarfafa su a kan maƙwabtan da suke yaƙi da su. Tsarin Croix ya ɗauke ribar ya bar musu nauyin, ya kuma ƙara da ƙwace fadama da bulala, sannan bai ajiye sojan da zai tsare zaluncin ba. A ganina babban alhakin jinin 1781 yana wuyansa, Rivera kuma ya ƙarasa da dabbobinsa. Sulhun Comanche ya nuna abin da kan faru idan Anza yana wurin kuma kyautar tana zuwa a kan lokaci.

Shi ma Anza yana da nasa kason. Ya ɗauki Palma tamkar sarki mai faɗa a ji, alhali shugabancin Quechan a kan yardar jama'a yake, mutum yana riƙe da shi ne muddin maganarsa tana tabbata hannunsa kuma yana bayarwa. Kai shi birnin Meziko da cika shi da alkawarin da ba Anza ne zai cika ba ya ɗaga shi sama, jinkirin shekara uku ya kunyata shi a gaban mutanensa, har ya zama ba shi da zaɓi sai ya bi su ko su bar shi.

Akwai kuma waɗanda nasarar ta faɗa wa a ka. Iyalan da Anza ya kai sun sauka ne a ƙasar mutanen Ohlone. Shanu suka cinye tsirran da suke tara iri daga gare su, yunwa ta tura su mishan, cunkoso da cututtukan baƙi suka yi ta ɗibarsu. Ƙyandar 1806 kaɗai ta kashe ɗaruruwa a mishan ɗin Dolores. Masana na ƙiyasta cewa 'yan asalin Kalifoniya sun ragu daga kimanin 300,000 a 1769 zuwa kimanin 200,000 a 1821, kuma mafi yawan asarar a gaɓar da mishan suke ta auku. Ba zan iya karanta labarin jaririn da aka haifa daren Kirsimeti a kwazazzabon Coyote da farin ciki zalla ba, sanin yaran da aka binne a Dolores shekara talatin bayan haka.

Quechan kuwa, da kulakensu, sun tsira daga wannan. Ba a sake kafa mishan na Sifaniya a ƙasarsu ba, fadamarsu da mashiginsu suka zauna a hannunsu kusan shekara 70, har zinariyar Kalifoniya ta jawo dubban masu ƙetarawa a 1849, sojojin Amurka kuma suka gina barikin Fort Yuma a farkon shekarun 1850 a kan tudun da Purísima Concepción ta taɓa zama.